Wa zai riƙe mini ƙafa, Mma Gorata?

Ranar Lahadi, sha huɗu ga Afrilu, aka bugo mini waya cewa kin yanke jiki kin faɗi a kasuwar garin Maun, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Ke da kika ƙare rayuwarki kina koya wa masu gudu faɗuwa a hankali, sai ga shi kin faɗi lokaci guda.

Bara tsokar bayan cinyata ta yage ana tsakiyar tseren mita ɗari huɗu. Kowa ya ce ni Boikhutso na gama yawo. Ke kuwa da ciwon ya lafa, kika sa na durƙusa a kan buhu, kika danne idon sawuna da hannuwanki, kika ce in tafi gaba sannu-sannu, kada in lanƙwasa ƙugu. Ko rabi ban kai ba na kife. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce ko buhun dawa ya fi ni iya faɗuwa. Wallahi na ji haushinki.

Kullum bayaninki ɗaya ne: tsokar nan tana yagewa ne lokacin da take miƙewa da nauyi a kanta, gab da ƙafa ta taka ƙasa. In ta saba aiki a miƙe, zaruruwanta sukan ƙara tsawo, su daina saurin tsinkewa. Kika kafa mini doka: ba ni ba tsere sai ranar da hancina ya taɓa ƙasa a hankali, kika ce da bakinki, “Tashi, kin isa.”

Asabar mai zuwa ne gasar zaɓen ’yan wasan ƙasa. A haɗuwarmu ta ƙarshe saura ƙiris hancina ya kai. Kika ce, “Litinin ma gani, sarkin gaggawa.” In yi gudu ƙafar ta sake yagewa, ko in zauna shekara ta wuce ni? Tambayar nan ta hana ni ci, ta hana ni sukuni.

Jiya a gidan makoki, bayan tukwanen dakakken naman seswaa, ’yarki Gorata ta gaji da safa da marwata, ta ce in durƙusa. Ta riƙe mini ƙafa. Na tafi a hankali har hancina ya taɓa yashi. Na tsaya a haka ina jiran muryarki.

Can Gorata ta ce, “Tashi, yaya. Mma ba za ta faɗa ba.”

Na tashi ina kuka. Zan yi gudun, ko da yake har yanzu tsoro bai sake ni ba.

Ina miƙa ta’aziyyata ga mijinki Rra Gorata, da Gorata, da dukan ’yan filin gudunmu. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya riƙe ki yadda kika riƙe mu.