Masallacin da Ke Tsakiyar Gero

Daga Goronyo

Muna sallame asuba na ɗora Kawu Dikko a kan jaki muka kama hanya. Lokacin Nasara ya matsa da aikin hanyar mota, labari kuma ya iso cewa 'yan aikin tilas na kwashe duwatsun tudun bayan Rabah. A can masallacin mahaifin Kawu yake. Ba gini ba ne, fili ne da ya kewaye da duwatsu ya fitar da alƙibla. Kawu ya rantse sai ya yi salla a ciki kafin a zuba shi a hanya. Na tuna masa ciwon ƙafarsa, ya ce, "Jakin ma ƙahwa ka yi mai ciwo?"

Wurno

La'asar sakaliya muka hau tudun Wurno. Dogarin ƙofa ya ce, "Ina zuwa, tsoho?"

"Ziyara."

"To, ku sa mu addu'a."

Muka ziyarci hubbare, muka bi gindin tsohuwar ganuwa, muka sauka gidan wani marini. Ya cika mu da tuwon dawa, ya ce mu ƙara kwana. Kawu ya ce masu kwasa ba hutawa suke ba.

Tudun Rabah

Washegari rana ta take muka iske masu kwasar, suna gangarowa da kwandunan duwatsu a ka. Jaki ya ƙi hawa, na goya Kawu, ina haki yana mini faɗan rashin sauri. A sama ko dutse ɗaya babu, gero ne ko'ina. Tsoho ya zauna a ƙasa, na ji kamar in yi kuka.

Wani manomi ya fito. "Mi kuka biɗa, Baba?"

Na faɗa masa. Ya ratsa da mu cikin geron har wani fili shararre, inda kunyoyi suka zo suka tsaya.

"Tun bara anka kwashe duwatsun," in ji shi. "An ce in haɗe wurin da gona. Wa ka noma masallaci?"

Kawu ya tuɓe takalmi ya shiga da ƙafar dama. Ya ce in kira azahar. Kafin in ida, wasu masu kwanduna sun sauke kaya sun hawo. Sahu biyu muka yi.

Gida

Mun komo Goronyo lafiya. Allah ya saka wa marini da alheri, manomin nan kuma, wanda ko sunansa ban tambaya ba, Allah ya cika masa rumbu.