Gaisuwar Malam Hadi a Akwanga

A Basirka, idan mutum biyu suka tsaya gaisawa a bakin hanya har abin ya yi tsawo, sai wani ya leƙo daga shago ya ce su yi hankali kada mota ta tashi. Baƙo ba zai gane ba. 'Yan gari kuwa sun san da Malam Hadi ake, hedimastan firamare, wanda motar Makurdi ta tafi ta bari a Akwanga yana tsaka da tambayar lafiyar mutanen gidan wani mai albasa.

Shekararsa ashirin da bakwai yana koyarwa, kuma duk yawan aikin ofis bai taɓa sakin aji biyu ba. Daga gidansa zuwa makaranta tafiyar minti biyar ce a babur, amma tun rana ba ta gama fitowa ba yake kama hanya, saboda ba ya iya wuce mutum da ɗaga hannu kawai. Sai ya kashe babur, ya tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da gona, da mai jikin da aka ce an kai asibiti makon jiya. Matarsa A'i ta daina ba shi saƙon cefane tun shekarar farko ta aurensu.

Da katunan haruffa yake koyar da karatu, waɗanda shi da ɗalibansa suke yankawa daga kwalin taliya. Su suka sa aka gayyace shi taron malamai a Makurdi. Takardar gayyatar ta ce duk makarantar da wakilinta ya sa hannu da kansa kafin ƙarfe biyar na yammacin ranar farko, za ta shiga cikin waɗanda za a ba littattafan karatu. A ajinsa kuwa yara shida ke rububin littafi ɗaya.

Abokin tafiyarsa Malam Barnabas ne, mutumin Pankshin, wanda ya shekara ashirin yana koyar da lissafi a Birnin Kudu. Suka kwana a Jos, washegari suka shiga motar Makurdi. Da aka iso Akwanga direba ya ce minti goma kacal ya ba kowa. Barnabas yana ta barci, Malam Hadi ya sauka ya yi sallah. Yana dawowa sai ya ji wani mai albasa yana ciniki da harshen da ba shi da maraba da na mutanen yankinsu na Gwaram. Ashe sunansa Maikano, ɗan Sundimina ne, kuma kawunsa ya taɓa aure a Basirka.

Daga nan aka fara bin gidaje ɗaya bayan ɗaya. Malam Hadi ya ji ana ta danna oda, amma ya ɗauka da wani ake. Ko da ya waiwaya, wani mai rake ne ya kafa baronsa a inda motar take. Jakarsa, da wayarsa, da kwalin katunan duk sun yi gaba.

Ya dubi agogo, ƙarfe biyu da rabi. Ya zauna a kan buhun albasa, yana tunanin da wane baki zai gaya wa yaran nan shida-shida cewa surutu ne ya hana su littafi.

Maikano bai tsaya ba shi haƙuri ba. Ya ja hannunsa zuwa wajen wata mata da yake sayar wa albasa, Madam Sylvia, 'yar ƙabilar Tibi, wadda ta kai lemo Jos za ta koma gida Makurdi da akori-kurarta. Ita take tuƙa abinta. Malam Hadi ya gyara tsayuwa ya fara tambayarta ya gida, ya yara.

"Baba, shiga mota," in ji ta da 'yar Hausarta. "Gaisuwa a hanya."

Bai taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Duk ƙauyen da suka ratsa hannunsa sai ya tashi da kansa, kafin a amsa sun yi nisa. Bayan sun wuce garin Lafiya ta miƙo masa gasasshiyar doya da manja. Ya ce alhamdulillahi, a ƙoshe yake, yana jiran ta sake tayi kamar yadda ake yi a gida. Ita kuwa ta ɗauka gaskiya ya faɗa, ta cinye abinta tas yana kallo ta gefen ido.

Biyar da kwata suka tsaya a ƙofar zauren taro. Ya sauko, ya riga ya cire rai. Sai ya hango Barnabas a gaban teburin rajista, rungume da kwalin katunan, yana magana da jami'ar, wata Madam Prisca mai tabarau, wadda ta rufe biro amma ba ta rufe littafi ba.

Ashe Barnabas ya farka a Lafiya ya ga kujera babu kowa. Da biyar ta yi, sai ya tsaya ya yi wa jami'ar irin gaisuwar da ya koya a Birnin Kudu: ya aiki, ya gajiya, ya zafi, ya maigida, yara nawa ne, wane aji babban yake. Matar ta wuni ana miƙa mata takarda ba mai kallon fuskarta, sai ta saki jiki, har ta ciro waya tana nuna masa hoton jikarta.

Malam Hadi ya sa hannu. Bayan wata uku littattafai suka iso Basirka, kwali huɗu.

Har yau idan an haɗu a majalisa bayan la'asar, sai an tambaye shi ko ya koyi taƙaita gaisuwa tun daga ranar. Sai ya gyara hula, ya girgiza kai.

"Ni abin da ke damuna," in ji shi, "ban kai ga tambayar Maikano jikin mahaifiyarsa ba."