Lokacin da injin Lukuman ke barci

Ban taɓa ganin mutumin da ya tsani ɓarna kamar Lukuman ba. Ɗan Nahuce ne ta ƙasar Bunguɗu, siriri, mai tafiya kamar ana binsa. In ya shigo ofishinmu na ƙungiyar direbobi a Gusau, kafin ya gama sallama ya kashe fanka. Ni ne sakatare, kuma na sha zufa a hannunsa.

Da hanyar Tsafe ta lalace da 'yan bindiga, shi ya haɗa mana dabara. Duk wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba a hanya, ya kira wata lamba ya faɗa, saƙon ya bazu zuwa wayar kowane direba. Injin da ke wannan aikin ba a Gusau yake ba. Kwamfuta ce ta haya a wata ƙasa, ta intanet ake sarrafa ta, kuma duk awar da ta yi a kunne sai an biya. Wannan ya hana Lukuman sakat. Sai ya sa mata jadawali: ta kunna kanta ƙarfe bakwai na safe, ta kashe kanta shida na yamma, tunda ba mai hawa hanyar a wajen wannan lokacin. Saƙon da ya shigo tana kashe, jira yake sai ta tashi. Muka yi ta yi masa tsiya, wai har inji ya koya wa rowa.

A azumi yakan cire jadawalin gaba ɗaya, don direbobi daga sahur sai masallaci, daga masallaci sai hanya. Ya yi haka shekara biyu lafiya lau. A ta uku bai ɓata lokaci ba, tun washegarin Sallah ya mayar da jadawalin, ya zo yana murna ya gaya mini. Na ce madalla. Wallahi na ce madalla, kuma har yau kalmar tana ci mini rai.

Dukanmu mun manta da Sitta Shawwal. Rabin direbobinmu ba sa jira, da Sallah ta wuce suke ɗorawa da azumin kwana shidan, su ci sahur su fita da wuri kamar yadda suka saba. Cikinsu har da Bashar, yayan Lukuman, mai ɗaukar buhunan hatsi zuwa Tsafe.

Ranar Laraba, shida saura kwata na safe, wani makiyayi, Malam Buba, ya kira daga wajen Kucheri ya ce ya ga babura a bakin daji, kada kowa ya taho. Saƙonsa ya iso wayoyinmu ƙarfe bakwai daidai, ko minti bai ƙara ba. A lokacin an riga an tsinci motar Bashar a gefen titi, ƙofofi a buɗe, ba kowa ciki.

Wata biyar ke nan, ba labari. Lukuman ya cire jadawalin bai sake taɓa shi ba, yana zuwa aiki, amma ya daina magana. Ba wanda ya ɗora masa laifi a tasha, kuma ina ganin hakan ya fi yi masa ciwo.

Na raka shi Nahuce gaishe da mahaifiyarsu, Inna Luba. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Lukuman, an ce makiyayi ya hwaɗi. To mi ya hana injin naka gaya ma yayanka?"

Ya ce, "Barci yakai, Inna."

"Inji na barci? Wa ya sa shi barci?"

Na buɗe baki in ce ƙungiya ce, ya dafa gwiwata.

"Ni na sa shi," in ji shi.

Ta gyara mayafinta, ta tashi ta shiga ɗaki.