Agogon Ƙofar Cartagena

A shekarar 1999 na fara ganin Younoussa, mutumin Maraɗi. An roƙe ni in tarbi wani baƙo a tashar bas ta Greensboro, a Amurka. Motarsa ta makara awa biyar cikin tsananin sanyi, amma ban tafi ba. Bai taɓa ta da wannan zancen ba. Tun lokacin yake gyaran taya kusa da unguwar Glenwood. Ba shi da yawan magana, sai tsokanata.

"Malam Zakaria, lakkwal ɗin mishan ta ɓata ka. Ko atishawa sai ka duba agogo."

Bara, a watan Mayu, 'ya'yanmu suka haɗa mana tafiyar shaƙatawa a jirgin ruwa daga Florida. Muka tsaya yini guda a Cartagena, tsohon gari mai ganuwa a ƙasar Kolombiya. An gargaɗe mu: ƙarfe huɗu jirgi zai tashi, ba ya jiran kowa. Maganin zuciyata, wanda likita ya ce kada in tsallake ko sau ɗaya, na bar shi a ɗakinmu tare da fasfona.

A makarantar mishan ta Wusasa an koya mana cewa baƙo agogon gari yake bi. Da na ga babban agogon ƙofar ganuwa, sai na mai da nawa baya da awa ɗaya. Ban san agogon Florida jirgin yake bi ba.

Younoussa ya gaji ya koma jirgi da wuri. Ni na tsaya karanta rubuce-rubucen tsoffin majami'u. Sannu a hankali na lura babu sauran masu ratayen katin jirginmu a tituna. Masu talla sun daina bi na. Wata mai sayar da mangwaro ta dube ni, ta dubi teku, ta girgiza kai. Can nesa na ji ƙahon jirgi, sau uku. Agogona ya ce uku daidai.

Da na isa bakin ruwa, ƙirjina na suka, jirgin ya riga ya yi nisa.

Mutum ɗaya ne zaune a kan wani dakali, riƙe da leda: Younoussa. Da ya ga za a janye tsani ba ni, ya kwaso maganin da fasfo biyu ya sauko.

"Ƙarfe nawa yanzu, Malam?"

Ya buɗe gorar ruwa, ya miƙo mini ƙwaya biyu.

"Sha. Ni minti arba'in kawai na jira, kuma nan babu sanyi."