Hutun Ruwan Farko

Shekarar da na ajiye aikin gwamnati na buɗe gidan abinci a Nyanya, abin da na sani game da ɗaukar ma'aikaci na ofis ne kawai. Na buga takarda tsaf: albashi, kuɗin mota, abinci sau biyu, hutun kwana goma sha huɗu a shekara. Har da wurin sa hannu, ni ga 'yar boko.

Cikin masu neman aikin girkin akwai wata dattijuwa 'yar Gbagyi daga wajen Tungan Maje, ƙunshin kayanta a kafaɗa yadda mutanensu ke ɗauka. Na ba ta kuɓewa da manja na ce ta gwada. Kafin miyar ta nuna, direbobi biyu daga tasha sun leƙo suna tambaya ko an fara sayarwa.

Na zo da shirin ciniki, amma da na faɗi albashin sai ta amince nan take. Kuɗin mota ma ta ce duk yadda na gani. Sai da na kai kan hutu ta ɗora hannu a takardar.

"Hajiya, hutuna ba Disamba ba ne. Ranar da ruwan farko ya sauka, zan tafi gona. Doya ba ya jira."

Na ce babu komai, Mama. Ta dangwala yatsa. A raina na ɗauka ni ce mai sa ranar, kamar yadda muke cike fom mu jira oga ya amince.

Wata goma muka yi, kuma ban ƙara jin daɗin sana'a kamar lokacin ba. Daddawarta daga gida take zuwa da ita. Takan ɗiga miya a tafin hannu ta lasa, ta harare ni in na matso da gishiri. Tsofaffin abokan aikina sukan keto cunkoson hanya saboda tuwonta, ni kuma ina amsar yabo kamar ni na tuƙa.

Ruwan farko ya sauka a makon da na samu kwangilar ciyar da wani taro na kwana uku. Da safe na tarar ta ɗaure kayanta. Ina da saurin hawa, ban ɓoye ba. Na ɗauko takardar na nuna mata babu inda aka rubuta ruwa, na ce in ta tafi kada ta dawo.

"Takarda bai ji ba," ta ce. "Amma ke kin ji."

Ta wanke tukunyarta, ta kife, ta saɓa kayanta.

Sau biyu na je Tungan Maje nemanta. A can na gane wata goma muna tare ban taɓa tambayar sunan ƙauyensu ba. Lambarta kuwa ta daina shiga.

Yanzu masu neman aikin sukan tambayi kuɗin asibiti da na ƙarin lokaci, kuma haƙƙinsu ne. In mun gama sai in tambaye su wace rana ce a shekara ba za su zo ba ko me ake ciki, in rubuta yadda suka faɗa. Wasu sukan yi dariya.

Ina kewar matar nan ƙwarai. Duk shekara in ruwan farko ya sauka, nakan ƙirga kwana goma sha huɗu, ran na sha biyar in riga kowa zuwa buɗe ƙofa.