Hudar da Na Toshe a Murfin Gwangwani

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ƙarar ƙusa ce a kan gwangwani, wata safiyar Talata bayan an cire gyaɗa, a shekarar da ƙasarmu ta samu 'yancin kai. Ina bakin murhu ina tankaɗe, shekaruna tara, sai na leƙa na ga Baba tsugune gindin dalbejiyar gidanmu a Gazawa, yana huda gindin gwangwanin da Inna ke ajiye kanwa a ciki. Inna ta ce, "Malam, yau kuma kayan ɗakina motar ta fara ci?" Ya yi dariya bai ɗago ba.

Baba ya daɗe yana gyaran mota a garejin kwamanda, Baturen da ke mulkin yankinmu. Da Nasara suka tashi tafiya, ya samo gawar wata mota, ya rantse sai ya tayar da irin ta kwamandan sak. Wata da watanni yana buga ƙarfen ganga ya zama ƙofa, yana ɗinka kujeru da fatar da ya sayo a kasuwar Cadawa. Kaji suka yi ƙwai a cikinta, mu kuma in mun dawo lakol, wato makarantar boko, mu hau mu yi ta tuƙi da baki har a kira mu ɗiban ruwa. Mutanen gari suna ce mata akurkin Malam Idi. Shi ko burinsa ya riƙa kai fasinja Maraɗi, ya ciyar da mu da ita, tunda aikin gareji ya ƙare.

Abin da ya rage shi ne mazubin man birki, na asalin ya ruɓe. Shi ya sa ya huda gwangwanin, ya liƙa ɗan bututun tagulla da dalma, ya haɗa tiyo, ya ɗaure shi kusa da inji ya cika da mai. Daga ƙarshe ya ɗauki allura ya yi wata 'yar huda a murfin. Ban tambaye shi dalili ba.

A gidanmu ba a barin mai a buɗe. Tulun man gyaɗa, kwalbar man shanu, duk sai Inna ta liƙe bakinsu da kakin zuma saboda tururuwa da rairayi. Kullum faɗarta, "Mai ba ya son iska." Da Baba ya tafi sallar azahar, sai tausayinsa ya kama ni, na ɗauka garin sauri ya ɓata murfin. Na ɓanto kaki, na kwance murfin, na toshe hudar ta ciki, na mayar. Har na yi bisimilla. Ranar nan wuni na yi ina jin daɗi ni kaɗai.

Kwana huɗu motar tana zagaya gari lafiya, yara na bin ta da ihu. Ranar Asabar, a gangaren gulbi, Baba ya taka birki ƙafarsa ta wuce har ƙasa. Mata na tafe da tuluna a gabansa, sai ya karkata ya rungumi gawo. A amalanke aka kawo shi gida, ƙafar dama a karye wuri biyu. Na tsaya jikin danga ina kallo, Inna na salati, mai ɗori na ja, ba abin da na iya sai riƙe ƙwaryar ruwa. Gwangwanin ya murƙushe, ba wanda ya duba shi. Baba bai ƙara riƙe guduma ba. In aka tayar da maganar sai ya kalli tafinsa ya ce, "Dalmata ce ba ta kama ba."

Sai da na shiga kwaleji, mushe, wato malaminmu, ya kawo gwangwanin madara aji, ya yi huda ɗaya madara ta ƙi zuba, ya ƙara ta biyu ta kwararo. Ya ce in iska ba ta shiga ba, ruwa ba ya sauka. Ina zaune a kan banci na tuna hudar da na toshe a murfin Baba. Kowane hutu nakan ɗaura niyyar faɗa masa, in kai masa ruwan alwala, in ga sandarsa jingine, sai in ajiye ruwan in juya. Haka har Allah ya karɓi abinsa. Ba sallar da nake idarwa ban roƙa masa gafara ba, ni ma in roƙa wa kaina.

Yanzu mazubin roba ne ake sayarwa birjik a tasha, da hudarsa tun daga kamfani, ba mai zama gindin itace yana ƙera nasa. Kwanan baya jikata Hadiza tana taya ni huda gwangwanin madara wuri biyu, na ba ta labarin nan, karo na farko da ya fita bakina. Ta kalli hudojin biyu, ta ce, "Kaka, to shi Baban naki, har ya rasu yana zaton shi ne bai iya ba?"