Mai Gyaran Famfon da Aka Daina Buɗe wa Ƙofa

Shekara ashirin da bakwai ya yi yana gyaran famfo, kuma a unguwanni uku da wuya a sami banɗakin da bai durƙusa a ciki ba. Mai Famfo kowa ke ce masa, har matarsa in ranta ya ɓaci. Dogo ne, ba ya son yawan magana, yana da tabo daga gefen ido zuwa haɓa, wanda bututun ruwan zafi ya yi masa tun yana koyon aiki. Kunnensa ne jarinsa. Sai ya kafa sifana a bango, ya kara kunne, ya ce, "Nan yake yoyo." In aka fasa, nan ɗin ne. Magidanta kan bar masa makulli su tafi aiki.

Wata rana 'yan fim suka kira shi wani tsohon bene da suke aiki a ciki. Daraktan, wani mai tabarau da ba ya iya tsayuwa wuri ɗaya, ya ce fim ɗin ban tsoro suke yi. Suna so famfon banɗaki ya zubo jini, bututu ya riƙa gurnani a cikin bango.

"Abin da na ƙare rayuwata ina hanawa ke nan," in ji Mai Famfo. Amma ya yi. Ya ɓoye ƙaramin tanki a bayan bango, ya zuba ruwa da jan kala, ya bar iska a bututu don ya yi kuka. Aikin ya yi kyau har shi kansa ya ji daɗi.

Yana fitowa da rarrafe daga ƙarƙashin sinki, sifana a hannu, daraktan ya daka tsawa.

"Baba, tsaya haka! Wallahi kai muke nema. Wanda muka ɗauko ko riƙe sifana bai iya ba."

"Ni ban iya wasan kwaikwayo ba."

"Ba wani wasa. Ƙofa kawai za ka ƙwanƙwasa, ka ce, 'An ce famfonku na yoyo.' Shi ke nan."

Da ya ba da labari a gida, matarsa ta yi dariya har da hawaye. "Kai da ko hoto sai an yi maka dole?" 'Yarsa ta fari, wadda ke aure a bayan layinsu, ita ta lallashe shi. Kwana huɗu ya yi musu. Gutsure-gutsure aka ɗauka: nan ya ƙwanƙwasa, can ya waiwayo, can ya goge hannu da tsumma. Ba wanda ya zaunar da shi ya gaya masa labarin. Sai da fim ya fita ya ga kansa a wayar maƙwabci: mai gyaran famfo da ke jira maigida ya fita, ya shiga ya kashe matar a banɗaki, ya cusa gawar a tankin ruwa.

Da fari abin raha ne. Masu shago na hango shi sai su ɗaga murya, "An ce famfonku na yoyo!" Yakan yi murmushin yaƙe ya wuce.

Ƙofar farko da aka ƙi buɗewa ta wata malamar makaranta ce, wadda ya shekara goma sha biyar yana yi wa aiki. Ta bayan ƙofa ta yi masa magana.

"Baba, don Allah ka yi haƙuri. Yara sun ga fim ɗin, ƙaramar ko wanka ba ta yarda ta shiga ita kaɗai. Ka bari sai maigidan yana nan."

Yana jin ɗigar ruwan daga inda yake tsaye. Aikin minti goma ne. Maigidan kuwa har yau bai kira shi ba. Da suka haɗu a hanya, mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "Ni na san fim ne, amma ka san halin gida." Daga nan kiran aiki ya yi ta raguwa har waya ta yi tsit.

Ya je ya sami daraktan. "Ka kashe min sana'a."

"Haba Baba, ai tauraro ka zama! Na biyu ma muke shiryawa."

Ya ƙi fitowa a na biyun. Suka samo wani dogo, suka zana masa tabo da fenti, suka rufe masa rabin fuska da hula. Na biyun ya fi na farko muni, kuma duk gari suka ce shi ne.

Yanzu a sababbin gine-gine yake aiki, ƙarƙashin wani ɗan kwangila, yana shimfiɗa bututu a gidajen da ba kowa a ciki. Gwiwoyinsa sun fara ƙin hawa bene. Ya daina bin ta bakin shaguna.

Kwanan baya matarsa ta gaya masa, tana kallon ƙasa, cewa famfon gidan 'yarsu ya lalace. Uwar mijin ta ce a kira wani.

Ya daɗe yana ɗaure igiyar takalminsa.

"Ki ce musu tsohon bututu ne," ya ce. "Kada mai gyaran ya matsa da ƙarfi, zai tsage."

Ya ɗauki jakarsa ya fita.